Fuskar Amarya da Idon Kyamara

Hoto ɗaya tak kakata ta bari a duniya, shi ma ba da son ranta aka ɗauke shi ba. Ɗan ƙaramin kati ne baƙi da fari, na fasfon tafiyarta aikin Hajji. Ta tsuke baki, ido ya kauce gefe, mayafi ya sauko har gira. Wata rana muna yara muka tambaye ta ina hoton aurenta. Dariya ta yi har da tafa hannu, ta ce, "Ku ji min ja'iran yara! Wa ya ga fuskata a ranar, balle ya ɗauka?"

Gaskiyarta. Bikin Bahaushe na dauri a kan ɓoye amarya aka gina shi. Tun daga ranar kamu take gudu ta laɓe a gidan ƙawa, a bi sawu a nemo ta, a sa ta a lalle tana kuka cikin zane. Haka za ta yi kwanakin ƙunshi a ƙuryar ɗaki, haka za a yi mata wanka, haka za a kai ta gidan miji da dare a lulluɓe ruf. Bakinta sai an saya, kanta sai an yi bikin buɗe shi. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda ta ba Mary Smith a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, zai tarar da aure bayan aure a cikinsa, kuma kusan kowace amarya da kuka da lulluɓi take tafiya. Ango shi ma ba a ganin ƙeyarsa, yana can wajen babban abokinsa. Uwa uba ɗaurin auren kansa: waliyyi ne da wakili, da liman, da shaidu, da sadaki, da goro, da maroƙi mai shelar an ɗaura. Ba a bukatar ango ya ce uffan, amarya kuwa ko kusa da wurin ba ta zuwa. Har yau ɗin nan, in ka ɗauki hoton ainihin lokacin da igiyar aure ta ƙullu, manyan riguna za ka gani da rawuna da tafukan hannu ana shafa fatiha. Babu mace ko ɗaya.

To ta yaya muka taso daga nan muka iso inda saura wata guda biki amma duk gari ya san fuskar amarya, da launin jan bakinta, da irin kallon da take yi wa angonta?

Shi kansa hoton aure ba wani tsoho ba ne, ko a inda ya fito. A watan Agustan 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a birnin Paris, ta kama surar mutum a kan farantin tagulla da aka shafe da azurfa. Wata shida bayan haka, ranar 10 ga Fabrairun 1840, Sarauniya Victoria ta Ingila ta auri Albert cikin farar rigar da amaren Turai suke kwaikwayo har gobe, amma ba wanda ya ɗauki hoton bikin. Masu zane ne suka yi aikin. Hotunan da ake yawo da su ana cewa na aurenta ne, Roger Fenton ya ɗauke su a 1854, tana da shekara 14 a ɗakin miji. Sai a 1858, da ta tashi aurar da babbar 'yarta, aka tsaya gaban kyamara a ranar biki, kuma sarauniyar ta fito dishi-dishi, don jikinta rawa yake yi, ta kasa tsayawa cik na ɗan lokacin da na'urar ke bukata. Uwar amarya ko a ina uwar amarya ce.

Abin lura shi ne irin auren da kyamara ta buɗe ido ta gani a can. A coci ango da amarya su ne tsakiyar taro. Su tsaya kafaɗa da kafaɗa, su amsa da bakinsu, a sa zobe, a ɗaga mayafi a bainar jama'a. Da wannan kyamara ta saba, ta ɗauka haka aure yake a ko'ina. Duk inda ta sauka daga baya abin da take nema ke nan: mutum biyu a jere, fuska a buɗe. Mu kuwa a al'adarmu babu irin wannan tsayuwar, daga farkon biki har ƙarshensa.

Ta bakin teku ta shigo Afirka ta Yamma, kuma da wuri. Augustus Washington, baƙar fatar Amurka, ya koma Monrovia a 1853 da kayan aikinsa. Iyalan Lutterodt sun yi suna a Akra tun cikin shekarun 1870. A Bonny akwai Jonathan Adagogo Green, wanda ya ɗauki shahararren hoton nan na Oba Ovonramwen na Benin a 1897 bayan Turawa sun tuɓe shi. Arewa sai da ta jira dogo. Layin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari ba da jimawa ba, kuma cikin akawu da teloli da kafintocin da suka biyo jirgin akwai masu hoto, yawancinsu Yarbawa da Ibo. Shekaru da dama, in ɗan birni yana son hoto, sai ya fita ta ƙofar ganuwa, ko kuma ya tari mai akwatin nan mai ƙafa uku a bakin kasuwa, wanda ke cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya cire murfin gilashi ya ƙirga a zuci ya mayar, ya wanke hoton a cikin akwatin nan take kana tsaye.

Malamai ba su yi marhabin da baƙon ba. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu yin surori, da na cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da su, kowane almajiri ya san su. A Masar, Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin muftin ƙasar a farkon ƙarni na 20, ya rubuta risala yana halatta hoton kyamara. Hujjarsa ita ce mai hoto bai ƙagi komai ba, inuwar da Allah ya halitta ce ya tsare, kamar yadda madubi ke yi. Wasu malaman suka karɓa, wasu har gobe ba su karɓa ba. Amma ba fatawa ce ta buɗe wa hoto ƙofa a gidajenmu ba, lalura ce. Fasfon Makka na son hoto, lasin tuƙi na so, takardar makaranta na so, neman aikin gwamnati na so. Dattijon da ya rantse ba za a taɓa ɗaukar sa ba, ranar da kujerar Hajji ta samu sai ga shi a kan benci yana gyara zaman rawani. Kuma baƙon da lalura ta shigo da shi ba kasafai yake tsayawa a zaure ba.

Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 situdiyo ta ci kasuwarta a duk yankin nan. Wanda ya fi yin suna a duniya shi ne Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, ya fara da rataya zanen gadonsa a bayan masu zama. Yana ajiye da rediyo da agogo da alƙalami da babur, har da mota, don wanda ba shi da su ya fito kamar yana da su. A Yamai akwai Philippe Koudjina yana bin matasa wuraren shaƙatawa da kyamararsa. Irin wannan shagon, ko da bai kai nasu gwaninta ba, akwai shi a Kaduna da Jos da Sabon Garin Zariya da Maraɗi da Damagaram.

A irinsa aka ɗauki hoton iyayena. Ba ranar biki ba, sai da aka yi makonni da tarewa, hayaniya ta lafa, baƙi suka watse. Babana malamin makaranta ne, ɗan boko, shi ya matsa, kuma sai bayan isha'i suka fita don kada unguwa ta ga amarya a titi. Shi yana zaune a kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ita tana tsaye a gefe, hannunta a kan wani ɗan teburi mai furen roba da wayar tarho wadda ba ta da igiya. A bayansu labule ne da aka zana benaye da jirgin sama yana ratsa gajimare. Agogon da ke hannun babana na mai hoton ne. Idon mahaifiyata yana ƙasa. Ta ce sau uku mutumin yana cewa ta ɗago, a na huɗu ya haƙura. Tsakanin kafaɗarta da tasa mutum zai iya wucewa bai taɓa kowa ba.

Mai hoto na wancan zamani mai sana'a ne sosai. Shi zai tsara zama, shi zai auna haske, shi zai shiga ɗakin duhu ya wanke, ya ɗauki fensir mai tsini ya bi fim ɗin yana share ƙurji da tabo. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda hoton yake zuwa bayan an karɓo shi. Firam ake sa shi a rataye a ɗakin amarya, sama da jeren kwalla da tasoshi. Ba mai ganinsa sai wanda aka yarda ya shiga ɗakin: mata 'yan'uwa, da ƙawaye, da muharramai. Hoton ma a kulle yake kamar mai shi. Ko samari da 'yan matan da suka fara musayar ɗan kati daga baya, a ƙarƙashin matashi ko a tsakiyar littafi ake ɓoye shi, kuma ranar da aka ɓata, abu na farko da ake aikawa a karɓo shi ne hoton.

Sai kuɗin fetur suka zo. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 zuwa 1975, ma'aikata suka sayi babura da rediyo mai kaset, wasu har da ƙaramar kyamara. Hoto mai kala da farko sai an aika fim ɗin Turai ta gidan waya, a yi makonni ana jira. Cikin shekarun 1980 injunan wankin hoto suka bazu a manyan garuruwa, masu fitar da kala cikin sa'a guda, kuma su suka karya tsofaffin masu situdiyo. Tunda inji ke wanki, sirrin ɗakin duhu ya tashi a banza. Duk yaron da ya iya danna maɓalli ya rataya jaka ya zama mai hoto. Yanzu ba amarya ke zuwa wajen kyamara a ɓoye ba, kyamara ce ke zuwa gidan biki da rana tsaka. Wasu ma ba gayyatarsu ake yi ba. Su ɗauki mata a wajen yini, su haye acaɓa zuwa wajen wanki, kafin magariba sun dawo sun baje katuna a tabarma, kowa ta nemi nata ta biya.

Ina ganin a nan ne babban canji ya auku, ko da yake ba wanda ya yi shelarsa. Mai hoto shi ne baƙon namiji na farko da ya tsallake zaure ya shiga tsakar gida ana tsakiyar sha'anin mata, ba malami ba, ba wanzami ba, ba ɗan'uwa ba. Da farko yaro ake nema wanda bai isa a yi masa shamaki ba. Daga baya aka daina tambayar shekarunsa. A ce "mai hoto zai shigo," masu jan mayafi su ja, masu gyara ɗaurin kallabi su gyara, kuma a hankali na biyun suka fi na farkon yawa.

Fim ɗaya hoto 36 yake ci, don haka ba a ɓarna. Kowace ɗauka sai an yi shawara: amarya da ƙawaye, amarya da iyaye mata, dangin uwa, dangin uba, kishiyoyin uwa in ana shiri. Ga kuma fargaba, don ba mai sanin abin da ya fito sai an wanke. A bikin yayata wani saurayi ya yini yana walƙa mana fitila a ido, muka yi ta gyara tsayuwa, bayan kwana uku ya zo yana sosa ƙeya wai fim ya ƙone. Har ta haifi ɗanta na biyu tana mitar abin.

Bidiyo ya zo da nasa hukuncin. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 mai hali ba ya biki ba mai bidiyo, da ƙatuwar kyamara a kafaɗa, da yaro a bayansa riƙe da fitilar da ke sa kwalliya ta narke. A irin kyamarorin nan ne aka ɗauki finafinan bidiyo na Hausa na farko, irin su Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, kuma da yawa daga masu riƙe su a gidan biki da gidan suna suka koyi hannu. Matsalar ita ce kaset na sa'a uku yana son motsi. Amaryar da ke dunƙule cikin zane tana sheshsheƙa ba ta cika minti biyar. Dole a samo wani zama inda za ta fito, ta taka, ta zauna kusa da ango, a yanka kek, a yi liƙi. Ba na cewa kyamara kaɗai ce ta haifi fati da dina. Akwai boko, akwai zama da mutanen kudu, akwai finafinan Indiya da suka koya wa samarinmu jingina da bishiya da riƙe fure, akwai kuɗi da ke neman inda za a gan su. Amma ku lura da yadda ake jera kujerun: guda biyu, a kan dandamali, suna fuskantar fitila. Tsayuwar cocin nan da kyamara ta yi shekara da shekaru tana nema a wajenmu, sai da muka ƙirƙiro mata ita. Ko bayan dawo da shari'a a shekarar 2000, da gidaje da yawa suka maye gurbin fati da walima, malama na wa'azi a kan haƙƙin miji, mai hoto yana nan durƙushe a gaban amarya.

Hoton kafin aure kuwa, wanda ake ta ce-ce-ku-ce a kansa kamar jiya ya faɗo daga sama, ni a wajen masu ɗab'i na san shi. Da aka fara rabon kalanda da sitika da littafin rubutu da jaka mai ɗauke da sunan ango da amarya, sai ya zama dole hoton ya riga bikin, don maɗaba'a na son mako biyu. Da farko kowa nasa yake kawowa, mai ɗab'i ya yanka ya sa wannan a da'ira ɗaya, wancan a ɗaya, da addu'ar zaman lafiya a tsakani. Sai aka fara zuwa situdiyo tare, da rakiyar ƙanwa ko ƙawa, a tsaya nesa-nesa. Wanda ya adana kalandun aure na shekara ashirin zai iya jera su a ƙasa ya auna da ɗan yatsa yadda tazarar da ke tsakanin kafaɗun nan biyu take raguwa, shekara bayan shekara, har ta ɓace.

Abin da ya rage waya ce ta ƙarasa shi. Layukan salula sun fara aiki a Nijeriya a 2001. Kamfanin Kodak, wanda injiniyansa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, ita ce ta ci shi, ya bayyana karyewa a Janairun 2012. Uche Eze ta buɗe shafin BellaNaija a 2006, ya zama dandalin da bikin masu hali ke baje kolinsa. Instagram ya zo a 2010, shafukan bikin Arewa suka biyo baya. Hoton da a da sai an yi sallama an shiga ɗaki kafin a gan shi, yanzu yana tafin hannun ɗan acaɓa da ɗan majalisa a lokaci ɗaya. Firi-wedin, kamar yadda yara ke kiransa, ya zama biki mai zaman kansa: mai kwalliya, mai ɗaurin gwaggwaro, mai riƙe fitila, mai tuƙa ɗan jirgin nan marar matuƙi, da wanda zai kwana a gaban kwamfuta yana goge fata har sai dangin ango sun zo ganin amarya suna waige-waige ko ba ita ba ce. Kaya kala uku, kala huɗu. Abin dariyar shi ne a nan al'ada ta dawo, amma a matsayin ado: 'yar birnin da ba ta taɓa kusantar saniya ba ta sha kayan saƙi ta ɗauki ƙwarya, ango ya saɓa sanda ya kifa malafa. Kamu da ake yi a ƙuryar ɗaki ya koma zauren taro, an jera tukwane da faifai da tabarmi na haya.

A watan Maris na 2018, lokacin auren 'yar gwamnan Kano da ɗan gwamnan Oyo, hotunan bikin sun sa malamai sun hau mumbari, muhawarar ta cika gidajen rediyo. Hujjar malaman a fili take: kafin a ɗaura, saurayi da budurwa ba muharraman juna ba ne, kuma sa rana ba ɗaurin aure ba ne. Ni abin da ya fi damuna wani ne daban. Aure yana fasuwa ana saura kwana uku. Mun gani ba sau ɗaya ba. A da sai a mayar da lefe, a karɓo ɗan katin hoto, magana ta mutu. Yanzu wa za a aika ya karɓo? Shi namijin bayan wata shida ya sake tsayawa da wata a gaban wannan mai hoton. Ita kuwa duk wanda ya fito neman ta, sai wata 'yar'uwarsa mai son alheri ta turo masa tsohon hoton.

Daga nan sai batun ɗaukar biki a kai shi wata ƙasa. Asalin abin a Turai gudun iyaye ne. Dokar aure da ta fara aiki a Ingila a 1754 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure sai da yardar iyaye, sai masoya suka riƙa tsallakawa Scotland, su tsaya a ƙauyen farko, Gretna Green, maƙerin garin ya ɗaura musu a bakin maƙera. Sai a ƙarshen ƙarni na 20 otal-otal na tsibiran Karebiyan da garuruwan shaƙatawa na Italiya da Girka suka mai da shi haja: ɗaki, abinci, fure, mai tsara biki da mai hoto, duk a farashi ɗaya. Taurarin Indiya da muke kallo suka ɗauka. Anushka Sharma da Virat Kohli a Tuscany a Disambar 2017, Deepika Padukone da Ranveer Singh a bakin tafkin Como a Nuwambar 2018, har Firaminista Modi ya fito a 2023 yana roƙon attajiran ƙasarsa su riƙa yin bikinsu a gida. A Nijeriya mawaƙan kudu ne suka buɗe hanya: 2Face a Dubai a 2013, Banky W a Cape Town a 2017, Davido a Miami a 2025. Ribar abin biyu ce. Wurin yana da kyau a hoto, kuma kuɗin jirgi yana tace baƙi ba tare da an ce wa kowa kada ya zo ba.

Wannan ta biyun ita ce ba ta zauna a ƙasar Hausa ba. A bakin matanmu kalmar biki ba shagali kaɗai take nufi ba, har da gudummawar da aka kawo miki wadda za ki mayar da ninki ranar da ta mai kawowar ta taso. Matar da ta yi shekara talatin tana zuba bikinta a gidajen mutane ba za a ce mata an kai auren 'yarta inda ba mai iya zuwa ba. Ɗaurin aure kuma na ƙofar gidan uban amarya ne ko masallacin unguwarsu. Da Aliko Ɗangote ya aurar da 'yarsa a 2018, a Kano aka ɗaura kafin a wuce Abuja da Legas. Da ɗan Shugaba Buhari ya auri 'yar Sarkin Bichi a Agustan 2021, duniyar ce ta taso ta zo Bichi, jiragen alfarma suka cika filin jirgin Malam Aminu Kano. Saboda haka abin da ke tafiya waje a wajenmu ba auren ba ne. Sayayyar lefe ce, da wata dina ta 'yan tsiraru, da yawon amarci, kuma fiye da komai, hoton.

Wanda ya taɓa ganin mai tsara irin wannan tafiya tana aiki zai tausaya mata. Aikin da gwaggo da inna suke yi da baki da ƙafa, ita take yi da waya biyu: bizar mutum ashirin, tikitin mai kwalliya da mai lalle, akwatin ɗinkin da tela bai gama ba, yajin da Hajiya ta ce ba za ta ci abincin otal ba sai da shi, izinin ɗaukar hoto a wurin da ba a ɗauka kyauta. Jadawalin kuma rana ke tsara shi, don mai hoto ba ya son komai kamar ɗan hasken nan mai ruwan zinariya na gab da faɗuwar rana, wanda ba ya wuce sa'a guda, kuma daidai lokacin dattawan tawaga ke neman inda alƙibla take. Da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rufe wa 'yan Nijeriya biza daga 2022 zuwa Yulin 2024, naira kuma ta zube bayan Yunin 2023, da yawa suka dawo neman wuri a gida. Nan ma zaɓin ya ragu. Ginin dutsen nan na Kajuru ya ja masu hoto sosai kafin harin da aka kai wurin a Afrilun 2019. Saura wuraren shaƙatawa na Abuja, da zanen bangon Gidan Makama, da marinar Ƙofar Mata. Wanda bai da ko wannan, yaron kwamfuta zai yanko shi da amaryarsa ya dasa su a gaban dogon benen Dubai, ya karɓi kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Da na ga irinsa a wayar wani ɗalibina, labulen da ke bayan iyayena na tuna, da benayensa da jirginsa.

Akwai kuma wani hoton auren na Kano da ya zaga duniya fiye da na kowane attajiri, ba kuma ango ne ya biya ba. Tun 2012 da Hisba ta fara aurar da zawarawa, da mutum 100 a karon farko, har zuwa Oktoban 2023 da aka ɗaura aure 1,800 a rana ɗaya, 'yan jarida ke ɗaukar sa: sahu-sahu na amare cikin kaya iri ɗaya, da yawansu sun ja mayafi sun sunkuyar da kai, kyamara na bin layi tana neman wadda za ta ɗago.

Bara aka aurar da 'yar ƙanwata. Hotunanta na kafin biki sun yi wata guda suna yawo, har abokan aikina sun taya ni murna kafin in kai musu kati. Mai hoton wannan karon mace ce, yarinya ƙarama da ta gama jami'a, kuma saboda haka ba ɗakin da aka hana ta shiga. Daren kai amarya, bayan an gama nasiha an yi kuka, gwaggonmu, wadda ta haura tamanin, ta buɗe akwatinta ta fito da wani tsohon zanen saƙi mai nauyi, ta lulluɓe yarinyar tun daga ka har gwiwa, a kan leshin da kwalliyar da aka yi sa'a uku ana yi. Mai hoton ta matso ta rusuna.

"Hajiya, don Allah ku ɗan ɗaga mata kaɗan, ko fuskar ce in samu. Hasken nan yana da kyau."

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa, ta ƙara jan zanen.

"'Yar nan, wata guda kuna nuna ta kyauta. Yau kam sai dangin miji sun biya. Ɗauki zanen."

Ta ɗauki zanen.